Juyen baƙin mai a mashin: lissafin sati ne ko na kilomita?

Ɗan_Pantami:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana inji. Mashin ɗin Boxer ne BM100, shekararsa ɗaya da rabi. Aikinsa zirga-zirgar cikin gari, Pantami zuwa babbar kasuwa, wani lokaci Tumfure, sai Kumo sau ɗaya a sati. Bakanike ya ce juye duk sati biyu, mai sayar da mai ya ce duk sati, littafin da ya zo da mashin ɗin kuma dubban kilomita yake magana. Wanne zan kama?

Acaɓa_Bolari:
Wa alaikumus salam. Duk sati, Malam. Ƙa'idar 'yan acaɓa ke nan, ranar Juma'a ko Lahadi a juye. Kuɗin mai bai kai kuɗin fistin da bulok ba.

Oga_Jekadafari:
Acaɓa_Bolari, maganarka daidai ce a kanka, amma ba a kan mai tambaya ba. Inji bai san Juma'a ba, aikin da ya yi ya sani. Ɗan acaɓan da ya fito tun bayan asuba ya kai isha'i yana iya cin kilomita 120 zuwa 150 a yini, wato a sati ya kusa 1,000, kuma yawancinta da fasinja ko kaya, a ƙaramar giya, cikin cunkoso. Shi idan ya juye duk sati ko kwana goma ba a ce ya yi ɓarna sosai ba. Ma'aikacin da ke zuwa ofis ya dawo kuwa, wataƙila bai cika kilomita 150 a sati ba. Idan ya bi lissafin ɗan acaɓa, mai mai rai yake zubarwa.

Littattafan kamfanoni na irin waɗannan ƙananan injina suna ba da tazarar da ta kama daga kilomita 3,000 zuwa 5,000, wasu ma fiye, amma da sharaɗin mai na asali, titi mai kwalta, da nauyin da bai wuce kima ba. A ƙarƙashin jadawalin kuma akwai ɗan rubutun da ba a cika karantawa ba, inda suke cewa a wuri mai ƙura a yawaita sabis. Mu nan Gombe cikin wannan ɗan rubutun muke zaune. Shawarata: mai na yau da kullum, mashin na gida, kilomita 2,000. Mashin na haya ko na hanyar ƙauye, 1,200 zuwa 1,500. Sabon mashin ko wanda aka sa wa sabon ringi, juyen farko tsakanin 500 da 750 kamar yadda Bajaj da TVS suke tsarawa, domin a lokacin ne garin ƙarfe ya fi zuba.

Mai_Boxer_Kumo:
Ni dai hanya mafi sauƙi, a zaro geji, wato sandar auna mai, a duba. In ya yi baƙi wuluk, lokaci ya yi.

Injiniya_Tumfure:
Mai_Boxer_Kumo, nan akwai gyara. Baƙi ba shi ne alamar mutuwar mai ba. A cikin man akwai sinadarin wanki wanda aikinsa ya kwaso zunzurutun dattin ƙonewar fetur ya riƙe shi, kada ya manne a jikin inji. Mai nagari cikin kilomita 400 ko 500 ya fara duhu. Wanda ya yi wata biyu yana nan garau kamar man gyaɗa shi ne abin tuhuma, domin dattin yana wani wuri a cikin injin.

Abin da ya sa man mashin yake saurin gajiya fiye da na mota, a lura da shi, don daga nan duk amsar take fitowa. Mota tana ɗaukar wajen lita huɗu ko fiye, giyarta da manta daban, ga ruwa yana sanyaya ta, ga filta ta takarda. Boxer ko Haojue ko Jincheng kuwa duka man wajen lita ɗaya ne kawai, kuma shi kaɗai yake hidimar fistin, da haƙoran giya, da faifan kuloci da ke jiƙe a cikinsa. Haƙoran giya suna tauna sinadarin da ke riƙe kaurin mai, shi ya sa 20W-50 bayan tafiya mai nisa yake komawa tsararo. Faifan kuloci yana zubar da garinsa a ciki. Sanyaya inji kuma iska ce kawai, to a Maris da Afrilu lokacin da zafin Gombe yake kaiwa digiri 40, ka tsaya a cunkoso inji yana silo, wato yana kunne mashin na tsaye, babu iskar da ke kaɗa shi, man ne yake shan duk wutar.

Alamomin da suka fi launi amfani: giya ta fara tauri ko tana ƙin komawa fili, ƙarar kan inji ta ƙaru, man a tsakanin yatsu ya zama ruwa-ruwa ko kana jin ɗan tsakuwa-tsakuwa, ko yana warin ƙauri. Amma kafin waɗannan su bayyana an riga an ɗan makara.

Acaɓa_Bolari:
To Oga, kilomita kilomita kuke ta faɗa. Mashin nawa ne a Gombe mitarsa take aiki? Wayar tana tsinkewa shi ke nan an manta da ita.

Oga_Jekadafari:
Wallahi ka yi gaskiya, kuma wayar mita ba ta kai kuɗin juye ɗaya ba, sakaci ne kawai. Amma ga dabara ga wanda ba zai gyara ba: ka lissafa da fetur. Boxer mai lafiya a cikin gari yana yin kamar kilomita 45 zuwa 50 da lita ɗaya. Ke nan lita 30 ta kai ka wajen 1,400 zuwa 1,500, lita 40 ta kai ka kusan 2,000. Ka riƙa rubuta litar da ka sha a waya, ba kuɗin ba, tunda daga Mayun 2023 da aka cire tallafi farashi ba ya zama wuri ɗaya. Wannan lissafin ma ta wata fuskar ya fi mita adalci, domin mashin da ke jan buhuna ko yake yawan tsayuwa yana silo ya fi shan fetur, sai lissafin ya kawo shi juye da wuri, kuma haka ya kamata.

Kawu_Dukku:
Salamu alaikum. Duk kun yi maganar mai, babu wanda ya taɓo iyakilina, wato matatar iskar da inji ke shaƙa, alhali ta nan ɓarnar take shiga. Mashin da ke bin hanyoyin ƙauyukan Dukku da Nafada, ko ya bi bayan manyan motocin siminti a wajen Ashaka da Bajoga, ƙurar da yake shaƙa a yini ɗaya ta fi ta mai zaman cikin gari a sati. Idan soson iyakilina ya yage, ko ya bushe babu mai a jikinsa, ko robar da ta haɗa akwatin da kafireta ta tsage, ƙurar tana wucewa kai tsaye cikin silinda. Yashi ne fa mai laushi. Ya goge ringi, ya sauka cikin mai, ya zama kamar ana wanke inji da toka. Irin wannan mashin ko kullum ake masa juye sai ya yi hayaƙi.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hazo, a buɗe soson duk sati biyu. A wanke da kananzir, a matse shi a tafin hannu ba murɗawa ba don kada ya yage, a bar shi ya bushe, a ɗiga masa sabon baƙin mai kamar cokali ɗaya ko biyu, a mulmula ya ratsa ko'ina, a matse rarar. Man nan shi ne tarkon ƙura. Soso busasshe rabin aiki yake yi.

Injiniya_Tumfure:
Kawu ya gama magana. Ƙari ɗaya: wasu sababbin mashina filtar iskarsu ta takarda ce mai ninki-ninki. Ita ba a wanke ta, ba a sa mata mai. Busasshiyar a kakkaɓe, in ta toshe a sauya. Wadda ta zo da ɗan maiƙo daga kamfani, irin ta wasu Honda, ko iska ba a busa mata, sauyawa kawai ake yi. Kuma masu cire soso gaba ɗaya wai mashin ya ƙara gudu, su fara tara kuɗin bulok.

Ɗan_Pantami:
Na gode ƙwarai. To wane irin mai zan nema? Rubutun jikin robar nan ba fahimtarsa nake ba.

MaiKayanGyara_TasharDukku:
Abu uku za ka duba, Malam. Na farko 4T, wato na inji mai bugu huɗu irin naka. Na biyu kaurin mai, inda aka rubuta SAE. Boxer da yawancin mashinan da ke nan 20W-50 ko 20W-40 suke so. Lambar farko, wadda ke kafin W, tana nuna yadda man yake gudu da sanyi, ta biyun kuma kaurinsa idan inji ya ɗau zafi, a ma'aunin digiri 100. Wasu sababbin Honda 10W-30 littafinsu ya rubuta, to su a ba su abin da aka rubuta musu. SAE 40 zalla da ake yawan zubawa, da sanyin safiyar Disamba yana da nauyin tashi, yakan ɗau lokaci kafin ya hau kan inji inda bawul suke, kuma a wannan ɗan lokacin ake cin ƙarfe.

Na ukun shi ne JASO MA ko MA2. Ma'auni ne na ƙasar Japan da aka fito da shi a 1998 musamman saboda mashina masu kuloci a cikin mai. Idan ka ga MA, kulocinka ba zai zame ba. Akwai kuma API, ma'aunin ingancin mai na Amurka, za ka ga SJ ko SL ko SN, harafi na biyu yana gaba ma'aunin yana sabunta. SL ya wadatar da Boxer. Sunan kamfani bai kai waɗannan haruffan muhimmanci ba, ko na TotalEnergies ne, ko Ammasco na Kano, ko waninsu, in dai na asali ne.

Sarkin_Gardama:
Duk wannan tallar 'yan kasuwa ce. Mai mai ne. Galan na mota ya fi arha in aka raba shi kashi huɗu, kuma mashina nawa ne suke yawo da shi lafiya lau? Balle roba-roba da ko hannun kuloci ba ta da shi.

Injiniya_Tumfure:
Sarkin_Gardama, rabin maganarka tana da ƙafa. Man mota mai kauri irin 20W-50 na da, sau da yawa mashin yana tafiya da shi ba a ga matsala nan take ba. Inda haɗarin yake shi ne man motocin zamani marasa kauri, 5W-30 da 5W-20 da makamantansu, waɗanda a cikin zagayen tambarin API aka rubuta Energy Conserving ko Resource Conserving. An ƙara musu sinadarin santsi don mota ta rage shan fetur. Santsin nan yana shiga faifan kuloci, sai ka murɗa totur a hawa, inji yana ihu mashin ba ya gaba. In faifan ya ƙone sai sauyi.

Maganar roba-roba kuma kuskure ne da mutane da yawa suke yi. Rashin hannun kuloci ba rashin kuloci ba ne. Tana da shi a ciki, jiƙe da mai, yana kama kansa da juyawar inji. Ita ma MA take so. JASO MB na sikuta ne mai bel, wadda ba a sa mata giya da ƙafa, domin kulocinta a bushe yake a waje.

Sarkin_Gardama:
To na ji ta roba-roba. Amma ta galan ban sauka ba tukuna.

Baban_Herwagana:
Ku bar gardamar mota da mashin, babbar musiba jabu ce. Tsohon mai ake tacewa a zuba a robar kamfani a liƙe. Wanda ya zuba irin wannan, lissafin 2,000 ɗin Oga bai shafe shi ba, ko 500 ba zai kai da lafiya ba. A duba zoben murfi bai rabu ba, a duba takardar azurfar bakin robar ba a sake manna ta da gam ba, lambar rukuni da kwanan wata su fito sarai ba a goge ba, na gida kuma a nemi tambarin hukumar SON. A buɗe a gabanka, a zuba a gabanka. In an gama ka huda robar ko ka tafi da abarka, don robobin da ake bari a gareji su ake saye a sake cikawa. Man awo na cikin duro da ake aunawa da kwalba kuwa, babu wanda zai iya rantse maka mene ne a ciki.

Malama_Shongo:
Salamu alaikum. Don Allah mashin da ba ya fita sosai fa? Na gida ne, yaro yake kai ƙannensa makarantar da ba ta fi kilomita biyu ba, ya dawo ya kafe. Kafin ya cika 2,000 ai an shekara.

Oga_Jekadafari:
Wa alaikumus salam Malama. Wannan lissafinsa na wata ne. Gajeriyar tafiya tana da nata lahani: inji ba ya ɗaukar zafin da zai ƙone raɓar da ke taruwa a ciki, ga cok da ake ja da safe yana sauke ɗanyen fetur cikin mai. A juye duk wata huɗu, kada dai ya wuce shida, ko mita ta ce me. Sau ɗaya a sati kuma a samu babba ya yi tafiyar minti ashirin ko talatin da shi ba tsayawa. Kuma a koya wa yaron rufe makunnin fetur idan ya kafe.

Ɗan_Pantami:
Oga, in mutum zai yi juyen da kansa a gida fa, ya ake yi?

Oga_Jekadafari:
Ba wuya. Ka tayar da inji minti uku zuwa biyar man ya yi ɗumi, ka kashe, ka kafe a babban jak a wuri mai daidai. Goge kewayen geji da tsumma kafin ka buɗe, yashin da ke wurin ciki yake faɗawa. Sa tasa a ƙasa, kwance notin juye da sifana mai zobe daidai bakinsa, a yawancin roba-roba lamba 17 ce. Kada a sa filaya ko a buga da kurfi, nan ake cinye kan noti. Ka bar shi ya tsiyaye minti biyar zuwa goma, ka ɗan karkata mashin dama da hagu. Za ka iya taka kik a hankali sau uku ko huɗu, makulli a kashe. Kada ka kuskura ka tayar da inji babu mai ko na daƙiƙa biyar.

Injina irin na Honda CG, masu sandar tura bawul, murfin juyensu babba ne a gefen hagu ta ƙasa, lamba 24. Kana kwancewa sifirin zai biyo, bayansa da 'yar rariya kamar hular yatsa. Wanke ta da kananzir, ka duba abin da ta tara, ka mayar yadda ka same ta, bakin roba yana ciki. Murfin nan alminiyon ne mai zoben roba, da an matse shi da ƙarfi yake fashewa.

Kafin ka zubar da tsohon man ka kai tasar rana. Ɗan ƙyalli mai laushi kamar hoda ba komai. Ɓarɓashi da ido ke gani, fari ko ruwan tagulla, wani abu yana ci a ciki, boris ko bush, a kai gareji.

Wosha ta notin, in ta baje a sauya. Fara ɗaura notin da yatsu har ya zauna, sannan sifana, matsi madaidaici. Tiredin jikin inji alminiyon ne, in ya mutu aikin ya zama babba. Zuba mai da mazurari mai tsabta, tayar minti biyu, kashe, jira minti biyu ko uku, sannan ka auna. A irin Honda da mashinan Chana da suka kwaikwaye ta, ana goge geji a ɗora shi kawai, ba a murɗa shi ciki. Mai gilashi a gefe kuma man ya tsaya tsakanin layi biyu.

Mai_Boxer_Kumo:
Oga ka manta wanke ciki. Ai ana zuba kananzir ko fetur a girgiza, sannan a kai wurin mai faci ya busa iska, komai ya fito tas.

Oga_Jekadafari:
Ban manta ba, da gangan na bar shi. Kada a yi.

Injiniya_Tumfure:
Dalili kuwa, duk yadda aka tsiyaye, akwai abin da ke saura a lunguna da cikin kuloci, kusan mili 100, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. Shi ya sa littafi yake ba da awo biyu, na juye da na lokacin da aka wargaza inji. In kananzir ka zuba, wannan saurar kananzir ce, kuma za ta tsinka sabon man tun ranar farko. Fetur ya fi muni, yana busar da sil, yana wanke maiƙon da ke kan boris. Iskar mai faci kuma tankinta yana tara ruwa, ga ƙura, ka ga ruwa da datti ake hura maka ciki. Wanda yake ganin injinsa ya yi datti da yawa, ya zuba mai mai kyau ya yi kilomita 300 zuwa 500 ya sake juyewa.

Wurin da datti yake taruwa na gaskiya ma ba ya fita ta notin juye. A bayan murfin kuloci akwai wani ɗan kofi a kan kiranshaf da ke juyawa da inji, yana wurga datti jikin bangonsa ya daskare kamar laka. Shi ne filtar yawancin waɗannan injinan. Ana buɗe shi a kankare duk kilomita 10,000 zuwa 12,000, da sabon gasket a hannu. In ya cika, datti wucewa yake yi kai tsaye. Mashina da yawa har su tsufa ba a taɓa buɗe shi ba. Masu filtar takarda kuma, wasu sababbin samfura suna da ita, a sauya ta yadda littafi ya ce.

MaiKayanGyara_TasharDukku:
Wani abin kuma, a daina juye robar lita ɗaya duka don kada a yi asara. Boxer 100 wajen mili 900 yake ɗauka a juye. Roba-roba 110 wajen 800, wasu ƙasa da haka. Injina da yawa an buga awon a jikin murfi kusa da geji. Idan mai ya yi yawa kiranshaf yana kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa famfo ba ya tura ta da kyau. Sai sil su fara yoyo, mai ya bi bututun numfashi ya jiƙa iyakilina, filogi ya yi baƙi, mashin ya yi nauyi. Ragowar a rufe a ajiye don ciko.

Acaɓa_Bolari:
Ciko kam dole. Mashin da ya tsufa yana cin mai, a duba geji duk safiya kafin a fita. Yawancin injin da ya buga ba tsufan mai ne ya kashe shi ba, ƙarewa ya yi ba a sani ba.

Oga_Jekadafari:
Wannan ita ce magana mafi tsada da aka yi yau. A inji mai mili 900, in 300 suka tafi kashi ɗaya cikin uku ke nan. Sai dai ciko ba ya maye gurbin juye, dattin yana nan.

Dattijo_Billiri:
Mu masu tsohon Jincheng AX100 da Suzuki mai hayaƙi a ina muka tsaya?

Kawu_Dukku:
Baba, naku daban ne. Mai bugu biyu yana ƙone mansa tare da fetur, wato 2T, ko ta ƙaramin tankin gefe mai famfo, ko a haɗa a tanki in an cire famfon. Masu haɗawa su sa mili 25 zuwa 30 a kowace litar fetur, kuma 2T na gaskiya, ba baƙin mai ba, don baƙin mai yana toshe salansa da gawayi ya kama ringi. Man da ke ƙasa na giya da kuloci ne kawai, wuta ba ta taɓa shi, yana kai kilomita 4,000 zuwa 5,000.

Keke_Arawa:
Keke Napep fa, lissafin ɗaya ne?

Shugaban_Zaure:
Keke_Arawa, buɗe mata nata zaren, awonta da tsarinta daban. A nan mu tsaya kan mai ƙafa biyu.

Baban_Herwagana:
Akwai hali biyu da ba a jiran kilomita. Idan ka zaro geji ka ga mai ya ƙaru maimakon ya ragu, kuma yana warin fetur, allurar kafireta ce ba ta rufewa, fetur yana zurarewa cikin inji da dare. A gyara allurar a juye a ranar, in ba haka ba sabon ma zai lalace. Fetur ɗin bumburutu mai datti yana yawan jawo wannan. Na biyu da damina, wanda ya ratsa kwari ruwa ya kai inji, ya duba man. In ya koma kalar shayi da madara ruwa ya shiga. A juye, a yi 'yar tafiya, a sake juyewa har ya dawo daidai. Masu wanki da injin feshi su ma suna tura ruwa ta iyakilina da bakin geji.

Sarkin_Gardama:
To ku masana, mai sintetik da ake cewa yana kai 5,000 fa? In haka ne ai ya fi arha a kan dogon lissafi.

Injiniya_Tumfure:
Yana jure zafi fiye da na yau da kullum, wannan babu musu, kuma kaurinsa ba ya saurin karyewa. A mashin mai lafiya da ke doguwar tafiya a kwalta, misali Gombe zuwa Bauchi, wajen kilomita 150 ba tsayawa, 3,500 zuwa 4,000 ba matsala. Amma ƙura da garin kuloci ba su san sintetik ba, kuma injin ba shi da filtar da za ta tsare su.

Oga_Jekadafari:
A nan ni da Injiniya mun ɗan saba. Ban ba kowa shawarar wuce 3,000 a garin nan ko wane mai ne, domin mai tsada shi aka fi yi wa jabu, kuma wanda ya saya da tsada yakan ƙi duba geji yana ganin ya gama. Gara matsakaici na asali a kan lokaci. Haka wannan maganin mai kauri kamar zuma da ake ƙarawa don kashe hayaƙi, ɓoye ciwo ne, ringi ne ya ci, kuma wani yana sa kuloci zamewa.

Malama_Shongo:
Tsohon man kuma a daina zubarwa a kwata don Allah, rijiyoyi suna kusa. A tara a jarka, masu buga bulo da masu katako suna karɓa.

Kawu_Dukku:
Kuma kada a shafa wa dabba a ciwo ko ƙazuwa, guba ne. Sarkar mashin ma ba ta son sa sosai, ƙura yake kamawa ya cinye sifaroket.

Ɗan_Pantami:
Na duba mita, sati ɗaya ina yin kamar kilomita 250 har da zuwa Kumo. Ke nan a lissafin Oga wata biyu ne, ba sati biyu ba?

Oga_Jekadafari:
Sati takwas, eh. Da hazo ko tsananin bazara ka dawo da shi sati shida, wato 1,500. Geji duk bayan kwana biyu ko uku, soso duk sati biyu.

Acaɓa_Bolari:
Wata biyu da mai ɗaya a Boxer? Ni dai raina bai kwanta ba. Ko wata ɗaya ya yi, Malam, hankalinka kwance.

Injiniya_Tumfure:
Wata ɗaya a wurinsa kilomita 1,000 ne, ba zai cutar da inji ba, aljihu kawai zai ji, kuma kowane kwancewa yana rage wa tiredin notin kwana. Ɗan_Pantami, tun da aka sayi mashin ɗin an taɓa buɗe murfin kuloci an kankare kofin nan? Shekara ɗaya da rabi a 250 duk sati ka doshi 20,000.

Ɗan_Pantami:
Ba a taɓa ba. Gasket ɗin na BM100 ana samunsa a Tashar Dukku, ko sai na shiga babbar kasuwa?